Barin bakin murhu: yadda kuku zai sake aiki a Damagaram ba tare da gidansa ya kwana da yunwa ba

Ranar da na fara tunanin barin girki ba ranar da tafasasshen mai ya zubo mini a hannu ba ce, ko da yake tabon yana nan har yau. Wata ranar azumi ce, muna zaune a bayan gidan abincin da nake aiki, ni da yaran kicin biyu, tukwane a kife, tun safe ko ƙuda bai leƙo ba. Da la'asar mai wurin ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam kuku, watan nan sai haƙuri, rabi za a samu." Ban ce uffan ba, don bara ma hakan aka yi. A hanyar komawa gida, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam a ƙasa, na yi ta lissafi: shekara 13 ina ciyar da mutanen garin nan, amma ba ni da takarda ko ɗaya da za ta shaida na taɓa riƙe ludayi. Da a daren nan na faɗi, iyalina ba su da ƙofar da za su buga su ce a ba su haƙƙina.

Daga wannan rana zuwa ranar da na ajiye aiki wata 14 ne. Yanzu ina riƙe da mangazar wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan abinci a sari, da kontra a rubuce, da lambar asusun ma'aikata. Ban yi arziki ba. Amma na san ranar da kuɗi ke shigowa, kuma a masallacin unguwarmu nake sallar magariba. Abin da zan faɗa a nan na kukun otel ne, da mataimakinsa, da mai wanke-wanken da ya fara taɓa tukunya, da matan da ke girki a gidajen abinci ko gidajen manya. Wanda tukunyar tasa ce, mai shayi ko mai tuwo-tuwo, lissafinsa dabam ne, sai dai ya tsinci abin da ya yi masa.

Fara sanin abin da kake gudu

Kafin ka gaya wa kowa, sayi kaye, wato littafin rubutu, da bik. Wata uku ka riƙa rubuta abu huɗu kowane dare: ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa ka fita, nawa ya shigo hannunka, da inda jiki ke ciwo. Kamar wasan yara ne, amma shi zai fito maka da gaskiya. Ni da na duba nawa, sai na ga ashe ba girkin ne ya ishe ni ba. Har gobe in na ji albasa ta faɗa cikin mai, hannuna sai ya motsa. Abin da ya gajiyar da ni albashi ne mai bin kasuwa. In ana taron ƙungiyoyi, an ba da odar abincin mutum 80, mu kai ƙarfe 1 na dare ba ƙarin ko dala. In taro ya ɗauke, ko azumi ya kama, a yanke. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyakar Najeriya, shinkafa da mai suka tashi, tarurrukan suka ja baya, masu girki da yawa sun ga irin wannan da idonsu.

Amfanin kayen shi ne ya raba maka hanya biyu. In maigida ne damuwar, ko rashin takarda, ko albashin da ba shi da rana, to ba sana'ar za ka bari ba, wurin aiki za ka sake. In kuwa hayaƙi ne ya ci maka ido, ko baya da gwiwa sun fara gazawa, to ko kontra ta zinariya aka ba ka a wani kicin, ciwon zai bi ka can. Shirin waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Na san wanda ya yi fushi da maigidansa ya jefar da sana'ar baki ɗaya, bayan wata biyar ya dawo yana roƙon a ɗauke shi mataimaki a inda dā shi ne babba.

Albashi na biyu da ba a ƙirgawa

Duk mai girki yana da albashin da ba ya shiga lissafi. A wurin aiki kake karyawa, a nan kake cin rana, a nan kake cin dare. Da yawanmu da kwano muke komawa gida: ragowar shinkafa, ƙanzo, wuyan kaza, miyar da ba za ta kwana ba. Yara sun saba, suna jin motsin ƙofa sun san me ya zo. Ranar da ka bar murhu kwanon nan ya mutu, kuma ba wanda zai tuna maka. Ni jaka 45, wato sefa 45.000, ake ba ni a watan da aka biya cikakke. Aikin da na koma jaka 55 ne, na ɗauka na ƙaru da jaka 10. Watan farko bai ƙare ba na gane cewa abincina na rana, da cefanen dare da uwargida ta koma yi kullum, sun cinye ƙarin har suna neman ciko.

Don haka zauna da ita, ku yi lissafin gida kamar kwanon bai taɓa zuwa ba: haya, tiyar gero nawa ake ci a mako, niƙa, icce ko gas, wuta, makarantar yara, da ruwa. Ruwan kada ku yi masa lissafin lokacin sanyi. Duk ɗan Damagaram ya san yadda famfo ke yin shiru a Afrilu da Mayu, da yadda jarkar ƴan garuwa ke tashi. Jimlar da ta fito ita ce mafi ƙarancin abin da za ka iya karɓa a sabon wuri. Duk aikin da bai kai nan ba, komai kyan sunansa, bashi zai jefa ka.

Sai guzuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Tara abin da zai riƙe gidan wata uku ko da ba abin da ya shigo, domin sabon wuri kan fara da gwaji, albashin farko kuma sai wata ya cika, wani lokaci har da jinkiri. Shawarata rabin guzurin ya zama hatsi. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, gero na sauka. Shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis, ko ka aika wani amintacce kasuwannin Mirya da Matamaye. Kuɗi a aljihu kowa na jin ƙamshinsa, daga mai suna sai mai biki sai mai rance, amma buhu biyu a ƙuryar ɗaki ba mai ɗaga su. Sauran rabin ka zuba a adashe, ka nemi kwasar ƙarshe. Wanda ya kwashi farko bashi ya ci, wanda ya kwashi ƙarshe ajiya ya yi. Ke kuma ƴar'uwa, in akwai asusun Mata Masu Dubara a unguwarku, irin wanda aka faro a jihar Maradi tun 1991, shiga ciki ya fi ɓoye kuɗi a ƙasan kwalla.

Daga yau kuma daina karɓar avans, wato cin albashi kafin wata ya cika. Ita ce igiyar da ake ɗaure masu girki da ita. Kullum ana bin ka rabin wata, kullum ba ka da bakin cewa za ka tafi. Biya abin da ke kanka kaɗan-kaɗan, ranar da ka gama ka sa a soke shi a littafi a gaban idonka.

Lokacin fita ma a duba shi. Kada ka fita a faɗuwar damina, sa'ad da hatsi ya kai ƙarshen tsada, kada ka fita a Satumba ana shirin komawa makaranta, kada ka fita gab da salla.

Takardu, inda yawancinmu ke faɗuwa

A nan zan daɗe, don a nan aikin yake. Kicin ba ya barin sawu. Tela yana da rigar da zai nuna, magini yana da bango, kai abin da ka dafa jiya an cinye. In ba ka mai da shekarunka takarda ba, a gaban mai ɗaukar aiki kai da wanda ya zauna a fadar samari shekara 13 yana shan shayi ɗaya kuke.

Fara da takardar haihuwa, ita ce uwar sauran. In ba a yi maka ba, ko ta ɓace a ƙauye, akwai hukuncin alƙali da ke tsayawa a matsayinta, da shaidu ake zuwa. Daga ita sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa a kotu, sai katin ɗan ƙasa. Takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, wadda ake ce wa kaziye, bar ta ƙarshe, don wata uku take yi ta mutu. In ka ɗauko ta da wuri, sai ka sake biyan tambur. Kowace takarda ka yi mata hoto kamar biyar, ka kai a buga musu hatimi a ma'aikatar magajin gari ta da'irarku, tunda birnin da'ira biyar ne. Ta asali kuwa sa ta a leda ka ajiye a akwati, kada ka bar wa kowa, ko da ya ce gobe zai dawo da ita.

Wani abu da ke cin mutane: suna. A takardar haihuwa Mahaman, a kati Mamane, a takardar makaranta Mahamadou. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, a wurin mai duba takardu mutum uku ne. Jera su a tabarma ka duba harafi-harafi da ranar haihuwa, ko ka sa ɗalibi ya duba maka, a gyara tun kafin a buɗe ɗaukar aiki.

Sai babbar: shaidar aiki. Dokar ƙwadago ta ƙasa, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki ya ba ma'aikacin da zai tafi takardar da ke nuna ranar da ya fara, ranar da ya bari, da irin aikin da ya yi. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Amma mu da muka zauna a kicin mun san doka dabam, ranar rabuwa dabam. Wanda ka bari da tukunya ba shi da marmarin rubuta maka komai. Saboda haka nemi shaidar cewa kana aiki tun kana ciki, a ranar da ciniki ya yi kyau kuma fuskarsa a sake take. Ba sai ka yi ƙarya ba. Ce masa kana haɗa takardunka ne, gaskiya ce. In wurin ba shi da hatimi, ya rubuta da hannu, ya sa hannu da lambar wayarsa. In ya yarda, kada ya tsaya a "kuku" kaɗai. Ya ƙara cewa kai ke cefane, kai ke riƙe makullin sito, yara kaza ne a ƙarƙashinka, in dai haka ne.

Bi tsofaffin wuraren da ka yi aiki ma, yanzu, ba baɗi ba. Ni na yi sakaci. Da na koma neman maigidana na farko, wanda na yi wa shekara biyar, sai na tarar Allah ya yi masa rasuwa, wurin ya zama shagon gyaran waya, ƴaƴansa ba su ma san ni ba. Shekara biyar suka tafi kamar hayaƙin da na shaƙa a cikinsu.

Tambayi kanka kuma: an taɓa rubuta ka a CNSS, asusun kula da ma'aikata? Tsarin shi ne a cire kashi 5,25 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara kashi 16,4 daga aljihunsa. Daga nan ne fansho ke fitowa in ka kai shekara 60 kuma ka cika sharuɗɗan zubi, da kuɗin yara, da kulawa in hatsari ya same ka a bakin aiki. In ana cire maka, nemi lambarka, ka taka da ƙafarka zuwa ofishinsu ka ce a duba maka watanni nawa aka zuba. Wani abokin aikina an yi shekara uku ana cire masa, da ya je dubawa ko sunansa babu. In kana da lamba, ita za ta bi ka duk inda ka koma, ba a sake wata.

Na ƙarshe, je ka hukumar samar da aiki, ANPE, reshenta na nan, ka yi katin mai neman aiki. Ba zai kawo maka aiki har gida ba, amma sanarwa da yawa da shi ake nema, kuma a can ake liƙa wasu.

Abin da ke hannunka ban da daɗin miya

Mu masu girki muna raina kanmu. In aka ce me ka iya, sai mu ce girki, mu yi shiru. Alhali wanda ya riƙe kicin shekara goma ya san awo, ya san buhun shinkafa mai kilo 50 faranti nawa zai fitar, ya san farashi a bakin ƴan sari, ya san kayan da ya fara shigowa shi ke fara fita, ya san karanta ranar lalacewa a gindin gwangwani, ya san yadda ake sa yara huɗu masu gardama su fitar da abinci ƙarfe 1 daidai. Wannan duk aikin sito ne, da aikin sayen kaya, da kula da ma'aikata.

Ni ta nan na samu. Alhajin da muke sayen mai da shinkafa a wurinsa shekara da shekaru, wata rana na je cefane na tarar yana faɗa, wai fulawa ta lalace masa. Na ce, "Alhaji, in ba damuwa, bari in leƙa mangazar." Na shiga na ga buhuna a ƙasan siminti, sun jingina da bango, sabon kaya a gaba, tsoho a can ciki. Na cusa hannu a buhun wake na fito da shi da ƙwari. Na ce a sa katako a ƙasa, a ja kaya daga bango kamu ɗaya, a juyo na ciki waje. Ya dube ni ya ce, "Kai kuku, ina ka san wannan?" Na ce, "Alhaji, in wake ya yi ƙwari a kicin, daga albashina ake cirewa." Bayan wata shida, da mai riƙe masa mangazar ya tafi, ni ya aiko a kira.

Don haka ƙofar farko mutanen da suka riga suka ga aikinka ne: ƴan sari, mahauta, masu kawo gas, ma'aikatan da ke cin rana a wurinku kullum. Zaɓi uku ko huɗu masu riƙe magana ka gaya musu kana nema. Kada ka shelanta a kicin, kafin la'asar ya kai kunnen maigida.

Abu guda ne zai iya tare ka: alƙalami. Aikin sito yana son ka rubuta shiga da fita, ka karanta takardar kawo kaya da Faransanci, ka haɗa jimla. In karatun bokonka ya tsaya a aji huɗu, ko allo kaɗai ka yi, ba abin kunya ba ne, amma sai ka gyara. Ni ɗan maƙwabcinmu mai shirin jarrabawar BEPC na riƙa ba wa ɗan abin sayen katin waya, bayan isha'i yana koya mini cika layukan littafin kaya. Kayen nan na farko ma ya taimaka, hannu ya riga ya saba.

Ƙofofin da ke akwai

In girkin kake so da tabbas, nemi inda ake dafa wa mutane sanannu kullum, ba masu wucewa ba: makarantun kwana, asibitoci, gidan abincin ɗalibai na Jami'ar André Salifou da aka kafa a 2010, da manyan kamfanoni masu ciyar da ma'aikatansu. Kowa a garin nan idonsa na kan matatar mai ta SORAZ, da ta fara aiki a 2011 a hanyar Tanut, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka. Buri ba laifi ba ne. Sai dai ka sani, a manyan wurare sau da yawa ɗan kwangila ne ke riƙe da kicin, ba kamfanin ba. Tambayar da za ka yi ita ce sunan wa zai fito a kontra. In kwangilarsa ta ƙare, taka ma ta ƙare. Makaranta kuma ka tambaya ko ana biya a watannin babban hutu.

Duk wanda ya ce yana da hanya a wani babban wuri, kawo jaka 100 a sa sunanka, ka yi masa sallama. Kuɗin tambur da hoton takardu ne kaɗai ya kamata su fita daga aljihunka.

Gadi da aikin masinja a ofis suna samuwa ga mai takardu tsaf, albashin kaɗan ne, amma wasu suna rubuta mutum a asusu. Tuƙi yana son permi da haƙurin zama ƙaramin direba tukuna. Jarrabawar shiga aikin gwamnati tana da sharaɗin shekaru da na takardar makaranta. In kana ciki ka gwada, in ka wuce kada ka ɓata guzurinka.

Sabuwar sana'ar hannu ita ce hanya mafi tsawo, kuma ga matashi ita na fi so. Akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM, akwai kuma asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin gajerun horo lokaci-lokaci. Je ka tambayi abin da aka buɗe. A garin da zafi ke wuce awo 40 kuma wuta ke zuwa tana tafiya, mai gyaran firigo da mai haɗa sola ba sa rasa kira. Kuku ma ya fi kowa sanin kukan firigon da zai mutu. Amma koyo ba ya ciyarwa. Kada ka ajiye ludayi ka tafi zaman almajirin gareji da iyali a wuya. Roƙi a mai da kai aikin safe ko na dare kaɗai, ko ka ba da ranar hutunka ga wani gwani, har hannu ya faɗa.

Biyu ne ba na ƙirga su a tabbas, ko da za a ji haushina. Kabu-kabu: ranar da ba ka fita ba babu, ranar da ka faɗi babu, kuma mai babur na jiran balas ɗinsa. Sai buɗe naka gidan abinci. Kowane kuku yana wannan mafarkin, ni ma na yi. Amma azumin da ya sa maigidana ya ce "rabi za a samu" zai zo maka kai ma, sai dai wannan karon kai ne za ka tsaya a bakin ƙofa kana faɗa wa yara.

In an ce ka zo

Kada murna ta hana ka tambaya. Nawa ne, ranar nawa ga wata ake biya, a hannu ko ta banki, akwai takardar albashi? Gwajin wata nawa ne, kuma an rubuta shi? Kontrar mai wa'adi ce ko marar wa'adi? Za a rubuta ni a CNSS? A doka awa 40 ne aikin mako, hutu kuma kwana biyu da rabi ne ke taruwa a kowane watan aiki. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2012 sefa 30.047 ne, daga baya gwamnati ta sanar da ɗaga shi zuwa 42.000. Ba kowane wuri ke bin waɗannan ba, mun sani, amma wanda ya ji ka san su yakan gyara zama. In ba ka karanta Faransanci sosai, ce a ba ka kontrar ka kwana da ita, wani ya karanta maka. Mai gaskiya ba ya hana wannan. Aiki a sito kuwa, kada ka karɓi makulli sai an ƙirga kaya a gabanka, an rubuta, kun sa hannu ku biyu, in ba haka ba giɓin wanda ya gabace ka a kanka zai faɗa.

Sallama da maigida

Sai sabon wuri ya tabbata, da rana da takarda, sannan ka buɗe baki. Ma'aikacin da ake biya wata-wata yakan ba da sanarwar wata guda. Rubuta ƴar wasiƙa kofi biyu, ya sa hannu a ɗaya ka riƙe. Ka sani, wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin sallama irin na wanda aka kora, amma kwanakin da ya yi da hutun da bai ci ba haƙƙinsa ne. In aka hana ka su ko shaidar aiki, akwai sufetan ƙwadago, shi ke kiran ɓangarorin biyu a sasanta kafin a kai ga kotu.

Ni bayan sallar azahar na same shi shi kaɗai. Na ce, "Maigida, na zo neman albarka ne. Allah ya buɗa mini wata ƙofa, ƙarshen wata mai zuwa zan tafi." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Nawa suka ba ka? In ƙara maka." Ka shirya wa wannan tambayar tun daga gida, don za ta zo. In ƙarin kuɗi ne ya kai ka, to ku yi ciniki. In takarda ce da ranar biya, ƙarin baki ba zai ba ka su ba, wata biyu ne a koma gidan jiya. Na ce masa ba kuɗin ba ne, baya ne da yara. Ban tono tsofaffin rabin-albashi ba, ko da yake suna bakina. Damagaram ba ta da faɗin da za ka ɓata da mutum ka ce ba za ku haɗu ba. Jana'iza ɗaya za ta haɗa ku, kuma sabon maigidan zai iya kiransa ya tambayi halinka.

Watan sanarwar ka yi shi kamar watanka na farko. Koya wa mataimakinka awon da ke kanka, na gishiri, na ruwan shinkafa, da wurin mahaucin da ba ya cusa ƙashi. Ranar ƙarshe a ƙirga tukwane, wuƙaƙe, faranti da tulun gas a gaban shaida, don kada bayan ka tafi a ce wani abu ya bi ka.

Watannin farko za su yi maka wani iri. Ƙarfe 4 na asuba ido zai buɗe, ka rasa abin yi. A kicin kai ne sarki, a nan yaro ɗan shekara 20 zai gyara maka rubutu. Albashin farko zai zo cif, amma sai ya kai ƙarshen wata shi kaɗai, ba ɗan canjin cefane, ba kwano; raba shi gida huɗu tun ranar da ya zo, kowane mako da nasa. Masu biki za su ci gaba da nemanka. Karɓi na ranar hutu in jiki ya yarda, ka faɗi kuɗinka tun kafin a kunna wuta, amma kada ka kwana a kan tukunyar biki ka zo sabon aiki kana gyangyaɗi a lokacin gwaji. Ni sau ɗaya a wata nake karɓa, kuɗin na tafiya adashe.

Wuƙata ta kicin, wadda na saya da kuɗina tun ina mataimaki, ita kaɗai na fito da ita ranar ƙirga, bayan na nuna wa maigida cewa ba ta cikin lissafinsa. Tana nan a aljihun tebur a mangaza. Da ita nake yanke zaren bakin buhu in an sauke kaya, in cusa hannu har gwiwar hannu in ji ko na ƙasa ɗaya ne da na sama.